Yadda ƙazuwa ta shiga gidanmu, da yadda muka fitar da ita

A tsakiyar watan Mayun bara, lokacin da zafin Kano ya kai matuƙa kuma kowa ya zuba ido yana jiran ruwan farko, na fara lura da cewa 'yata mai shekara 5 ba ta samun barci sai dare ya raba, tana ta juyi a kan tabarma tana goga wuyan hannunta a jikin siminti. Da gari ya waye na duba jikinta, sai na ga ƙananan ƙuraje jajaye masu tudu a tsakanin yatsunta, da wuyan hannu, da zagayen cibiya, da daidai inda robar wando take kama ƙugu. Yayanta mai shekara 9 ma ya ce da ni ya kwana biyu yana fama da irin wannan ƙaiƙayin. Ban ɗauki abin da muhimmanci ba, domin a wannan lokaci na shekara da wuya a sami gidan da yara ba su fito da ƙurajen zafi ba, kuma ni kaina na taso ina ganin iyayenmu suna maganinsu da wanka da hoda.

Abin da na saba shi na yi. Na riƙa yi musu wanka safe da yamma da ruwa mai sanyi, na sayo hodar zafi ina barbaɗa musu, na rage musu tufafi, surukata Hajiya kuma ta sa aka tsinko ganyen darbejiya aka tafasa ana zuba ruwan a cikin na wankansu. Na ƙara da ruwan kalamin, wanda yake sanyaya fata na ɗan lokaci. Mun yi mako biyu a haka, ƙurajen kuwa sai ƙaruwa suke yi. Da na san abin da na sani yanzu, da tun a makon farko na gane cewa ba ƙurajen zafi ba ne. Ƙurajen zafi sun fi fitowa a wuya da goshi da ƙirji da gadon baya, wato wuraren da gumi yake taruwa ya toshe ƙofofin fata, kuma da zarar jiki ya sami sanyi sukan lafa cikin 'yan kwanaki. Na yarana kuwa sun zaɓi tsakanin yatsu da hammata da gwiwar hannu da ƙugu, kuma ƙaiƙayinsu da dare yake tashi, ko da an kawo wuta fanka tana kaɗawa.

Akwai kuma wani abu da ya wuce ni. Babban ɗana, wanda yake makarantar kwana, ya zo hutu a farkon watan Afrilu yana susa, da na tambaye shi sai ya ce ai kusan duk ɗakin kwanansu haka ake yi, kuma su a ganinsu ruwan rijiyar makarantar ne bai karɓe su ba. Ya yi kusan mako uku yana kwana a katifa ɗaya da ƙanensa, yana ɗaukar autata jaririya, yana zama da ƙanwarsa a cinya, sa'an nan ya koma makaranta. Tun da ya tafi ba wanda ya yi susa a gidan sai bayan makonni, saboda haka ko kusa ban haɗa abubuwan biyu a raina ba.

Da hoda da darbejiya suka gaza, sai na tafi kemis ɗin unguwarmu na yi bayani, mai kemis ɗin kuma bai ga yaran ba ya miƙo mini wani man shafawa irin wanda ake kira mai aiki uku, ya ce ba ƙurjin da yake bari. A kwana uku na farko na yi ta sa masa albarka, domin jan ya dusashe, ƙaiƙayin ya ragu, yaran suka yi barci. Bayan kamar kwana goma sai abin ya dawo da ƙarfin da ya fi na da, ya bazu zuwa cinyoyi da ɗuwawu, ni ma na fara jin ƙaiƙayi a wuyan hannuna da ƙarƙashin ƙirjina. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne jaririyar, wadda a lokacin take wata 8. Ƙuraje masu ruwa suka feso mata a tafin hannu da tafin ƙafa da cikin gashin kai, tana ta goga ƙafa da ƙafa tana kuka har muryarta ta dushe. Wasu suka fashe suka yi mugunya, suka yi ɓawo mai launin zuma, a daren wata Talata kuma jikinta ya yi zafi. Da asuba na goya ta, na riƙo hannun yayarta, muka nufi asibiti.

Likitar da muka samu mace ce mai natsuwa. Kafin ta taɓa yarinyar sai ta yi mini tambaya biyu: ko akwai wani mai susa a gidan, da kuma ko ƙaiƙayin ya fi tsananta da dare. Da na amsa mata, sai ta jawo hannun babbar ta ware yatsunta a ƙarƙashin fitila, ta ɗauki biro ta goga tawada a fatar da ke tsakanin yatsa da yatsa, ta sa auduga mai sifirit ta goge. Tawadar ta fita duka, in ban da wani siririn layi mai lanƙwasa wanda tsawonsa bai kai santimita ɗaya ba, kamar an ja zaren ɗinki a ƙarƙashin fata. Ta kira ni na matso na gani da idona, sa'an nan ta ce, "Malama, wannan ƙazuwa ce. Layin nan da kike gani ramin ƙwaron ne."

Sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. A inda na taso, ƙazuwa suna ne da ake jingina wa ƙazanta, kuma idan aka ce 'ya'yan wance sun yi ƙazuwa, to, uwar ake zagi a fakaice. Na ce, "Likita, wallahi sau biyu nake yi musu wanka kullum." Ta ce ta yarda, jikinsu ma ya nuna, amma sabulu ba ya kai wa ga abin da ya shige cikin fata. Ta zauna ta yi mini bayani dalla-dalla, kuma bayanin nan ne ya zame mini jagora a duk watannin da suka biyo baya. Wani ɗan ƙwaro ne mai ƙafa takwas, masana suna kiransa Sarcoptes scabiei, girmansa bai kai rabin milimita ba, shi ya sa ido ba ya kama shi. Macen ce take haƙa rami a saman fata tana zuba ƙwai 2 ko 3 a kowace rana, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana 3 zuwa 4, 'ya'yan kuma su balaga cikin kamar mako biyu su ci gaba da aikin uwarsu. A jikin yawancin masu cutar, manyan ƙwarin ba su wuce 10 zuwa 15 ba, amma jiki ne yake tayar da faɗa da su da ƙwansu da kashinsu, shi ya sa ƙuraje suke fitowa har a wuraren da ƙwaron bai taka ba. Ba ya tashi sama, ba ya tsalle, rarrafe kawai yake yi, don haka ya fi yaɗuwa ta hanyar daɗewar fata a jikin fata, kamar kwana a shimfiɗa ɗaya, da goyo, da shayarwa, da kwanciyar aure.

Da na nuna mata man da na sayo a kemis, sai ta juya kwalin ta nuna mini cewa a cikin haɗinsa akwai sitiroyid mai ƙarfi. Aikin sitiroyid shi ne ya kwantar da faɗan da jiki yake yi, saboda haka ja da ƙaiƙayi sukan ragu mutum ya zaci ya warke, alhali ƙwaron ya sami sarari ne yana hayayyafa ba mai tsare shi. Ta ce in daina shafa shi daga ranar. Har yanzu ina jin ciwon wannan a raina, domin da hannuna na shafa wa jaririya abin da ya ƙara mata wahala, kuma na san akwai iyaye da yawa da suke yin haka da kyakkyawar niyya, don kawai an ce musu man yana maganin komai.

Game da jaririyar, ta ce susa ce ta buɗe fata, wasu ƙwayoyin cuta suka shiga suka haddasa mugunya da ɓawon nan mai launin zuma, kuma wannan ne ya fi gaggawa. Ta rubuta mata maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha, ta ce a fara shi a yi kwana biyu kafin a shafa maganin ƙazuwar, don gyambunan su ɗan kame. Ta kuma gargaɗe ni cewa irin wannan gyambon a jikin yara yakan iya taɓa ƙoda bayan 'yan makonni, saboda haka idan na ga fuskar yaro ta kumbura da safe, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi, ko ya ragu ƙwarai, kada in tsaya shawara da kowa, in dawo asibiti. A ƙarshe ta tambaye ni mu nawa ne a gidan. Na ce mu goma ne: maigida, da ni da 'ya'yana huɗu, da abokiyar zamana da 'yan matanta biyu, da Hajiya. Ta rubuta magani na mutum tara da suke gida a lokacin, ta dubi idona ta ce, "Kowa da kowa, a dare ɗaya, da mai susa da marar susa."

A nan ne muka yi kuskuren da ya ƙara mana wata biyu na wahala. Da na kawo maganar gida, Hajiya ta ce ita da girmanta ba za a shafe ta da maganin ƙazuwa ba, ba ta taɓa yin ta ba tun tana yarinya, kuma ba yanzu za ta fara ba. Abokiyar zamana, wadda take da ciki wata biyar, ta ce, "Yaya, ni da yarana lafiyarmu ƙalau, kuma ina tsoron abin da zai taɓa cikin nan." Maigida ya duba kuɗin maganin ya ga ba kaɗan ba ne, ya ce a fara da waɗanda abin ya kama, idan ya so in wani ya fara sai a saya masa. Maganar ta yi kama da ta hankali, ni kuma kunyar sunan cutar ta hana ni nacewa, ba na son a ce daga ɗakina abin ya fito kuma ina neman shafa wa kowa. Muka yi wa mutum huɗu magani, wato ni da yarana uku, muka maimaita bayan mako guda kamar yadda aka ce, muka wanke shimfiɗunmu. Jaririyar ta warware, gyambunanta suka bushe, muka yi hamdala.

Ba a yi wata guda ba sai babbar 'yar abokiyar zamana ta fara susa, sa'an nan maigida, sa'an nan na ga sababbin ƙuraje a wuyan hannun 'yata da aka riga aka yi wa magani. A ƙarshen watan Yuli kuma babban ɗana ya dawo dogon hutu, hannayensa duk sun yi kaushi da tabon susa. Ashe mun kashe maciji ne ba mu sare kansa ba. Na koma wajen likitar ina jin nauyin haɗa ido da ita, amma ba ta yi mini faɗa ba. Ta bayyana mini dalilin da ya sa ta nace tun farko: wanda ƙazuwa ta kama karo na farko yakan yi mako 4 zuwa 6 bai ji komai ba, kuma a duk tsawon lokacin yana ɗauke da ƙwaron yana raba wa na kusa da shi. Wanda ya taɓa yi kuwa, idan ya sake kamuwa, cikin kwana 1 zuwa 4 ƙaiƙayin yake dawowa. A nan na fahimci dalilin jinkirin da aka samu bayan tafiyar babban ɗana a watan Afrilu, na kuma fahimci cewa a gida irin namu, inda maigida yake raba kwana tsakanin ɗaki biyu, yara suke wuni a jikin juna, kaka kuma take goyon jikoki, abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba. Ta ƙara da cewa kada in ɗauka mu kaɗai ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci akwai aƙalla mutum miliyan 200 da suke ɗauke da cutar, kuma tun shekarar 2017 ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

A wannan karon na roƙi maigida ya raka ni ya ji da kunnensa, kuma ya zo. Ya tambaya ko babu ƙwayar da za a haɗiya a huta da shafe-shafe. Ta ce akwai, wadda a kwalinta ake rubuta Ivermectin, ana bayar da ita gwargwadon nauyin mutum a maimaita bayan mako ɗaya ko biyu, amma ba a ba mai ciki, ba a kuma ba yaron da nauyinsa bai kai kilo 15 ba, don haka a gidanmu ba za ta raba mu da shafawa ba. Ga mata da yara da Hajiya ta zaɓi farin man da aka rubuta Permethrin 5% a jikinsa, ta ce ana amfani da shi ga mai ciki da mai shayarwa da jaririn da ya kai wata 2. Babba yakan buƙaci kwali guda mai giram 30 a shafawa ɗaya, ɗan shekara 6 zuwa 12 rabin kwali, ɗan shekara 1 zuwa 5 rubu'i, jaririya kuma kashi ɗaya cikin takwas. Don a rage kuɗi, ta rubuta wa maigida da babban ɗana wani ruwan magani mai kama da madara, Benzyl benzoate 25%, wanda ya fi araha amma yana da raɗaɗi a inda aka sosa, kuma shi sai ya yi awa 24 a jiki kafin a wanke.

Abokiyar zamana ta sauko da kanta tun da ta ga 'yarta ba ta barci, kuma da ta je awon ciki aka tabbatar mata da cewa man ba zai cutar da cikin ba. Saura Hajiya. Na kwana biyu ina tunanin yadda zan ɓullo mata, har ranar da na kai mata kunu da hantsi na tarar da ita a kan sallaya tana jan carbi, hannun rigarta ya zame, na ga wuyan hannunta duk ƙuraje da sawun farce. Na ajiye kwanon, na durƙusa, na ce, "Hajiya, ba ƙazanta ce ta kawo mana wannan ba, ƙauna ce. Ke kike goya yarinyar nan tun safe har azahar, a bayanki take barci. Idan an yi mata magani aka bar ki, daga jikinki za ta sake ɗauka." Ta yi shiru na tsawon lokaci, sa'an nan ta ce ita ta zaci sanyi ne irin na tsufa, kuma ta fi wata tana tashi cikin dare tana susa da bakin mafici don kada kowa ya ji. Ta ce in dai don yarinyar ne ta yarda, da sharaɗin ni zan shafa mata da hannuna kuma maganar ba za ta fita zaure ba.

Muka tsayar da daren Juma'a, saboda washegari ba aiki ba makaranta. Da la'asar na yanke wa kowa farce. Bayan magariba kowa ya yi wanka da ruwan da ba mai zafi ba, domin likita ta ce fata ta zama busasshiya mai sanyi kafin a shafa. Muka yi sallar isha'i da wuri, don farin man yana buƙatar awa 8 zuwa 14 a jiki, kuma mun lissafa cewa daga ƙarfe takwas da rabi zuwa alwalar asuba lokacin ya cika. Ni da abokiyar zamana muka shimfiɗa tabarma a tsakar ɗakina muka jera yaran, muna bi ɗaya bayan ɗaya daga wuya har tafin ƙafa, ba inda ƙuraje suke kawai ba, duk fatar jiki: bayan kunne, hammata, cikin cibiya, matsematsi, tsakanin ɗuwawu, tsakanin yatsun hannu da na ƙafa. Da tsinken auduga muka tura man ƙarƙashin farce, domin nan ne susa take tara ƙwaron da ƙwansa. Jaririya da ƙaramar 'yar abokiyar zamana mun haɗa musu har da fatar kai da goshi da kumatu, muna kauce wa ido da baki, sa'an nan na sa wa jaririyar safa a hannu don kada ta tsotsa. Muka bar su kamar minti goma man ya shiga jiki kafin muka sa musu wankakkun kaya. Daga nan na shafa wa abokiyar zamana bayanta, ita ma ta shafa mini nawa, na ɗauki kwalin ƙarshe na shiga ɗakin Hajiya na rufo ƙofa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne batun ruwa. Duk wanda ya tashi cikin dare ya kama ruwa ko ya wanke hannu, sai an sake shafa masa a wurin da ruwan ya taɓa, don haka na ajiye ragowar man kusa da buta. Ni kuma duk lokacin da zan shayar sai na wanke nono, in an gama in mayar da man. Maigida da babban ɗana su suka fi shan wahala, domin nasu na yini da kwana ne, bayan kowace alwala sai sun sake shafa hannu da ƙafa, kuma a shafawar farko yaron nan, da yake fatarsa duk ta farfashe, sai da ya yi hawaye don raɗaɗi.

Da gari ya waye aka shiga aikin kaya, wanda ya fi shafawar gajiyarwa. Ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 a raye idan ya rabu da jikin mutum, kuma zafin da ya haura digiri 50 yana kashe shi da ƙwansa cikin minti 10. Muka aro babbar tukunyar biki muka ɗora a murhu, muka riƙa zuba tafasasshen ruwa a kan duk abin da ya taɓa jiki a kwana ukun da suka wuce: zannuwan gado, rigunan filo, tawul, kayan barci, hijabai, da zannuwan goyo. Da yake damina ta kankama, rana ba ta da tabbas, sai muka bi kayan da dutsen guga na gawayi bayan sun sha iska. Abin da ba ya wankuwa da ruwan zafi, kamar barguna da sallayu da manyan rigunan maigida da takalman yara, muka ɗure a manyan ledoji muka ƙulle baki muka jibge a ɗakin ajiya har mako guda, ko da yake kwana uku ma sun isa. Katifu kuma muka jingine su a baranda, muka kwana a tabarmi na kwana uku.

Wata maƙwabciya da ta ga hayaƙi da shanya ta gane abin da ake ciki, ta ba ni shawarar in fesa fiya-fiya a ɗakuna, in kuma kwaɓa baƙin mai da farar wuta in shafa wa yara, wai haka ake yi wa almajirai. Ban yi ba, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kada ya yi. Ɗaki ba ya buƙatar feshi, tun da ƙwaron da kansa yake mutuwa idan bai sami fata ba, fiya-fiya kuwa guba ce da take shiga jiki ta numfashi da ta fata. Baƙin mai da kananzir suna ƙona fatar da ta riga ta farfashe. Farar wuta ita kam magani ce ta gaskiya, amma wadda aka auna aka haɗa da man shafawa, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ita ce likitoci suke bayarwa, musamman ga jarirai ƙanana, ba wadda aka kwaɓa da ka a tsakar gida ba.

Daren Juma'ar da ta zagayo muka maimaita komai daga farko, da shafawar da wankin, domin maganin ba lalle ne ya kashe duk ƙwan ba, kuma a cikin mako guda waɗanda suka tsira sun ƙyanƙyashe amma ba su kai ga yin nasu ƙwan ba. A wannan karon yaran da kansu suke ware yatsu suna miƙowa.

Abin da ya kusa sa mu karaya shi ne ƙaiƙayin bai tafi nan da nan ba. Kwana goma bayan shafawa ta biyu har yanzu ana susa, maigida ya fara cewa ko maganin jabu ne, a ƙaro wani a sake. Sai na tuna likita ta riga ta faɗa mana cewa ƙaiƙayi yakan ci gaba har mako 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu, domin gawarsa da kashinsa suna nan a cikin fata har sai ta saɓule ta sabunta, kuma yawan maimaita maganin ba bisa ƙa'ida ba shi kansa yana busar da fata ya jawo wani sabon ƙaiƙayin. Abin dubawa shi ne ko akwai sababbin ramuka da sababbin ƙuraje. Kowace safiya nakan fito da yaran hasken rana in duba tsakanin yatsunsu da wuyan hannu da cibiya, ban ga sabo ba. Muka koma lallashin fata: sabulu marar ƙamshi, wanka ba da soso mai kaushi ba, man kaɗanya bayan wanka tun jiki da ɗan danshi, da maganin rage ƙaiƙayi na sha wanda likita ta rubuta wa manya da yaran da suka tasa don dare. Ina kuma duban fuskokin yaran da launin fitsarinsu kamar yadda aka umarce ni, Allah kuma ya tsare. Babban ɗana ya rage da wasu ƙulle-ƙulle masu tauri, ja-ja, a hammata da matsematsi, waɗanda suka fi wata biyu kafin su baje. Likita ta duba ta ce ba ƙwaro mai rai a cikinsu, ta ba shi wani man sitiroyid na 'yan kwanaki ya shafa a kansu kaɗai, ta ce yanzu da aka kashe ƙwaron ne irin wannan man yake da amfani. Zuwa ƙarshen watan Agusta gidan ya yi tsit da dare, baƙin tabon da ƙurajen suka bari kuma ya riƙa washewa a hankali.

Da za a koma makaranta a watan Satumba, maigida ya raka yaron da kansa, ya sami malamin da yake kula da ɗakin kwanansu ya gaya masa abin da muka gani, ya roƙi a yi wa ɗaliban ɗakin magani gaba ɗaya a rana guda. An karɓi maganar da mutunci, amma daga baya yaron ya ce masu susa kaɗai aka tura ɗakin shan magani. A watan Disamba da ya dawo hutu, tun yana zaure Hajiya ta aika a ce ya tsaya a nan, ta fito da kanta ta ce, "Miƙo hannun nan in gani, ɗan nan." Ta ware yatsunsa a hasken rana, ta kira ni, muka ga siririn layi guda a wuyan hannunsa na hagu da ƙuraje uku a gefensa. Akwatinsa bai shiga cikin gida ba sai a cikin leda, ya kwana shi kaɗai a tabarma, ba a ba shi jaririya ba duk da tana miƙa masa hannu, da safe kuma mahaifinsa ya kai shi asibiti. Aka yi masa shafawa biyu, mako guda a tsakani, muka yi ta duban sauran yaran har ƙarshen watan Janairu, ba wanda ya yi susa.